Kafinta da Numfashin 'Yarsa

Shagona da na Kafinta bango ɗaya ne ya raba su. Shi yana haɗa kujeru da gadaje da ƙofofi, ni ina shafa musu fenti. Tun muna samari muke haka, har mutanen layin suka manta da sunayenmu, shi ya zama Kafinta, ni Mai Fenti. Yanzu mai gyaran waya ne a shagonsa. Abokina ne, ina ƙaunarsa, kuma ina so in rubuta abin da na gani kafin in fara mantawa.

Dogo ne siriri, kullum da fensir a bayan kunne. Wani lokaci ya manta da shi, ya ɗauko wani ya saƙala a ɗaya kunnen, ya yi ta neman na uku. Ba ya gaggawa a aiki. In mai kujera ya zo yana faɗa, sai ya jawo masa benci ya ce ya zauna ya huta tukuna, faɗa a tsaye yana gajiyar da mutum.

'Ya'yansa uku. Babban namiji ne, ƙannensa suna ce masa Yaya. Sai mace a tsakiya, sai Auta da ke rarrafe. Ta tsakiyar ce ba ta da lafiya. Tun kafin ta iya magana sosai asma ta kama ta. In ciwon ya tashi, ƙirjinta yana wata siririyar ƙara, kafaɗunta suna ɗagawa, wuyanta yana lotsawa. Saboda ƙarar nan Yaya yake tsokanarta da Usur. Ubanta kuwa Manaja yake kiranta, wai ita ke buɗe masa shago, ita ke rufewa.

A asibiti likita ta tambaye shi sana'arsa, ta ce ƙurar katako tana cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Daga ranar bai sake shiga gida da kayan aiki ba. Ya ajiye bokiti da sabulu a bayan shago, ya kafa ƙusa a bango, ya rataye riga mai tsabta cikin leda. Ko ruwa zai shiga gida ya sha, sai ya wanke jikinsa ya sauya riga. Ni ma dokar ta hau kaina.

"Kai ka fi ni laifi," in ji shi. "Ni ƙura ce, kai wari. In za ka gaida iyalina, ga bokiti can."

Gidan yana bayan shagon, lungu ɗaya ne tsakani. Don haka ne ya ƙi duk aikin da zai kai shi nesa. An taɓa kawo masa aikin ƙofofin wani babban gini a can ƙarshen gari, ya ce Manaja ba ta sa hannu ba.

Maganinta ɗan ƙaramin abin shaƙa ne shuɗi, da wata roba da ake kifa mata a baki da hanci. Da farko a gida yake. Wata rana Yaya ya ɗauke shi ya fesar da shi duka a ɗaki, ya ce sauro yake kashewa. Wata ranar kuma Maman yara ta ruɗe, robar ta faɗa bayan gado. Sai Kafinta ya ɗauke maganin ya sa a aljihun rigar nan mai tsabta, can ya ci gaba da zama. In ciwon ya tashi, matar ta buga waya, shi kuma ya jefar da zarto, ya sheƙa ruwa a jiki, ya zura riga, ya ruga. Na sha ganinsa yana gudu da kumfar sabulu a kunne.

Yana da yadda yake yi mata. Ya ɗora ta a cinya, bayanta a ƙirjinsa, ya kifa robar, ya fesa. Sannan ya ɗora hannunta a kan damtsensa, ya riƙa motsa hannun gaba da baya kamar yana yanka katako, a hankali, don numfashinta ya bi hannun.

"Ja. Tura. Ja. Katakon nan da tauri yake, Manaja, kar mu karya zarto."

Ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɗauke, yarinyar ta yi barci a jikinsa.

Da haka ta saba, har ya zama ba ta yarda da kowa sai shi. In uwarta ta kawo robar, sai ta datse haƙora ta kau da kai. Ko a asibiti, ma'aikaciyar jinya sai ta miƙa masa ta ce ya yi da kansa. Abin yana yi masa daɗi, ba ya ɓoyewa.

Maman yara ta taɓa ce masa a gabana, "Maigida, ranar da ba ka nan fa?"

"Ina za ni? Daga shago sai gida."

Manaja tana da shekara shida da wani abu lokacin da ƙafafunsa suka fara kumbura. Ya yanke bayan takalminsa da wuƙa ya ci gaba da aiki. Sai gajiya ta biyo, ya riƙa zama a tsakiyar yanka katako yana haki. Da ƙyar ya yarda na raka shi asibiti. Bayan gwaje-gwaje suka ce ƙoda ce, duka biyun, kuma abin ya yi nisa. Sun faɗa masa gaskiya, bai nemi su sassauta ba.

Muna tsaye a bakin titi muna jiran mota, bai ce komai a kan kansa ba. Can ya ce, "Mai Fenti, na yi aikin banza. Na yi ƙofa mai kyau, ban yanka wa kowa mabuɗi ba."

Na gane Manaja yake nufi.

Ranar ya ciro maganin daga aljihu ya damƙa wa matarsa. Ya samo na biyu ya ajiye a saman kabad inda Yaya ba ya kaiwa. Daga nan, duk yammacin da yarinyar take lafiya, sai a yi koyo a tsakar gida. Uwar ta ɗora ta a cinya, ta kifa robar ba magani, ta fara motsa hannu.

"Ke, a hankali! Katako ake yankawa, ba albasa ba."

"To ni kafinta ce? Yaushe na ce maka ina neman sana'a?"

"Ga shi na ɗauke ki aiki, ba ki gode ba."

"Aikin da ba albashi, sai faɗa."

Yaya yana gefe yana hura bakinsa kamar usur, Manaja tana ƙyalƙyala dariya cikin robar, Auta yana jan zanen uwarsa. In ka gan su sai ka ce an gama, ta iya.

Amma wasa ne a wurin yarinyar. Da ciwon gaske ya tashi, sai ta datse haƙora kamar kullum. Ranar da ya fara gwada barin uwar ita kaɗai da ciwon, a ƙofar shagona ya zauna, don kar a same shi a nasa. Wayarsa ta yi ta ƙara a aljihu, bai ɗauka ba. Ya riƙe ƙafar wani tebur da ban gama shafawa ba, fenti ya ɓata masa tafin hannu. Sai muka ji muryar matar daga lungu tana kiransa da ƙarfi, irin kiran da ba ta taɓa yi ba. Ya tashi da kumburarrun ƙafafunsa, ya tuɓe riga a hanya, ya shiga. Shi ya ba ta maganin.

Daga baya na ji matar tana cewa, "Da 'yata za ka yi gwaji?"

Ya ce, "Gara a yi shi ina nan."

Ba ta yi masa magana ba har washegari.

Bayan wasu watanni ya rufe shago. Aka mayar da gadonsa falo, kusa da taga, don ya riƙa ganin yara. Gadon shi ya haɗa shi tun aurensu, ni na shafa masa fenti. Ina tashi daga aiki sai in yi wanka a bokitinsa in shiga mu yi hira. Ciwon yarinyar ya tashi wasu lokuta a wannan tsakanin, kuma kowane lokaci sai an gwada uwar, a kasa, a kawo ta gadonsa.

Wata rana da la'asar ina zaune a gefensa. Ranar yana da ɗan ƙarfi, ya ci abinci, har yana zagina a kan wata kujera da na sa wa launin da ya ce ko makaho zai ƙi. Wani a bayan gidan ya cinna wa shara wuta, hayaƙi ya shigo. Maman yara ta rufe tagogi, amma an makara. Manaja ta shigo daga tsakar gida, ƙirjinta yana ƙara. Ba ta kalli kowa ba. Ta hau gadon, ta kama damtsen ubanta ta ɗora hannunta a kai, tana jira.

Ya zare hannunsa ya cusa cikin bargo, ya juya ya fuskanci bango.

"Je ki wurin Mamanki. Hannuna ya gaji."

"Baba."

"Mamanki na ce."

Ta fara dukan bayansa da 'yan hannuwanta. Uwar ta durƙusa a ƙasa da robar a hannu tana cewa, "Zo, 'yar albarka, zo nan, ni ma na iya." Ni kuwa na miƙe tsaye ban san abin da zan yi ba.

Bai juyo ba ya ce, "Mai Fenti, in ka sa baki, ba ni ba kai. Je ka tsayar da mota a bakin layi. In ba ta buɗe baki ba, ku wuce asibiti da ita."

Na fita da gudu. Na samu tasi, na roƙi direban ya jira, na dawo don in ɗauko ta. A bakin ƙofa na tsaya. Tana kan cinyar uwarta a ƙasa, robar a fuskarta. Hawaye yana zuba a fuskar matar har haɓa, amma hannunta yana tafiya gaba da baya a hankali, ba ya rawa. Yaya ya riƙe Auta a kusurwa, ya rufe masa baki. Kafinta yana nan yadda na bar shi, fuskarsa a bango. Na tsaya har ƙarar ta ragu, sannan na koma na ba direban haƙuri.

Yarinyar ta yi fushi da shi. In za ta wuce falo sai ta bi ta jikin bango ta kau da kai. In ya kira ta, ta yi kamar ba ta ji ba.

"Manaja ta sallame ni daga aiki," in ji shi, yana ƙoƙarin dariya.

Matar ta so ta zaunar da ita ta yi mata bayani. Ya hana. Ya ce in ta huce yanzu, gadon nan za ta dawo, a koma gidan jiya. Na san abin yana cinsa. Mutumin da yarinyar nan take barci a ƙirjinsa tun tana jaririya, yanzu sai dai ya bi ta da ido.

Da ciwon ya sake tashi, kai tsaye ɗakin uwarta ta shiga. Yana kwance yana jin su ta ƙofa, bai motsa ba. Da na zo ya ba ni labari. Ya ce har yanzu Maman yara tana ɗan sauri, amma aikin zai tsaya. Sannan ya goge idonsa da bakin bargo ya ce in buɗe taga, ɗakin ya yi zafi.

Manaja ta sauko daga fushin a hankali. Ta fara zama a ƙarshen gadon da kwanon abincinta, ba magana. Wata rana ta kawo masa ƙarar Yaya, ya yi musu shari'a. Ba ta sake neman hannunsa ba, shi ma bai miƙa ba. Ya rasu a asibiti wata safiya, ni da matarsa muna wurin. Allah ya jiƙansa. Har yau in na ji ƙarar zarto daga wani layi, sai in ajiye buroshi.

Maman yara tana aiki yanzu a kicin ɗin wata makaranta. Manaja tana ɗauke da maganinta a jakar makaranta, akwai wani kuma a gida. Ciwon yana tashi har yanzu, an kwantar da ita a asibiti sau ɗaya, amma uwarta tana ba ta, ita ma ta fara koyon ba kanta.

Kwanan baya suna dawowa daga makaranta ita da Yaya, ta tsaya can nesa da ƙofar shagona, don ta san ba a barinta ta matso.

"Kawu!"

"Na'am, Manaja."

"Ranar da aka ƙona shara, da gaske hannun Baba ya gaji?"

Na daɗe ina goge hannuna da tsumma. Na ce mata, "A'a. Bai gaji ba."

Ta kalli takalminta. Sai ta ce, "Na sani. Da nake dukansa, bayansa yana ta rawa."

Yaya ya ƙwala mata kira daga bakin lungu, ya ce in ba ta zo ba zai cinye nata abincin. Ta gyara jakarta ta bi shi.