Ni da Majo da Kwalin Faifan Bature

A shekarar da jami'ar Yamai ta gaji da ni, na dawo gida ba takardar komai, aka ba ni aikin koyarwa na kwantiragi a wata lakwal da ke Malbaza. Na sauka gidan kawuna, ƙanen mahaifiyata, direban babbar motar siminti. Mutum ne mai ƙarancin magana. Idan ya dawo daga tafiya sai ya wanke ƙafa, ya ci tuwo, ya miƙe a tabarma. Ni kuwa a lokacin surutu ne ainihin sana'ata, koyarwa abin da nake yi ne kafin a tashi.

Ina da aboki a Konni tun muna 'yan sakandare a lise, ma'aikacin jinya a wani ƙaramin gidan likita. Kowa Majo yake kiransa, ko da yake shugaban wurin, mai wannan laƙabi na gaskiya, wani ne daban. Shi ya yi jinyar wani Bature mai aikin gina rijiyoyi a ƙauyukan Bazaga, lokacin da zazzaɓin sauro ya kayar da shi. Da Baturen zai koma ƙasarsu kaya suka yi masa yawa, sai ya bar wa Majo kwali guda. Majo ya zaci magunguna ne. Da ya buɗe ya tarar da faya-fayan sidi sun fi talatin, da tarin mujallun kiɗa na Faransanci, da ɗan akwatin da ake kunna faifan.

Kiɗan rok ne, na samarin Turawa masu jita da ganga, amma ba wanda ya yi suna ba. Mujallun sun ce waɗannan masu zaman kansu ne, ba babban kamfani a bayansu, kuma faya-fayan sababbi ne fil. A jikin kowane faifai akwai hoton samari huɗu ramammu, ba wanda ya taje kansa, sun jingina da bango suna kallon gefe kamar an hana su gadon ubansu. Da Ingilishi suke waƙa. Ingilishinmu ni da Majo bai wuce na cinikin fetur a bakin iyaka ba. Amma Faransanci muna ji, kuma mujallun sun riga sun faɗi wane faifai ne mai kyau, wane ne abin kunya. Cikin wata guda muka zama masana.

Abin ba shi da wuya idan ka gane ƙa'idarsa. In ƙungiya ta fitar da faifai biyu, ka ce na farko ya fi, ko ba ka ji shi ba. In mutane da yawa suka fara son ta, to ta lalace, ta sayar da kanta. Mawaƙin da yake rera waƙa ta hanci kamar ba ya so a ji shi, wannan shi ne gwani. Majo ya ɗauki wata ƙungiya ta Ingila ya riƙe, ni na ɗauki wata ta Amurka, don kawai mu sami abin gardama. Duk Asabar sai in hau mota in tafi Konni, mu zauna a fadarsu ta shan shayi, mu kunna akwati, mu yi ta musu. 'Yan fadar sun yi haƙuri da mu mako uku. A na huɗu suka ce ko mu kashe abin nan ko mu ajiye musu kofunansu. Muka tashi muna jin daɗi, don a ganinmu korar ma shaida ce cewa mun fi su.

A shekarun nan ne ƙananan gidajen rediyo suka bazu a yankinmu, kuma akwai wani da daraktansa yake da rabin awa ranar Lahadi bayan la'asar wadda ya rasa abin da zai cika ta da shi. Majo ya taɓa yi wa matar daraktan allura, don haka aka ba mu. Mukan sa waƙa biyu ko uku, sauran lokacin mu juya ra'ayin mujalla zuwa Hausa kamar daga zuciyarmu ya fito. Na tuna ranar da na ce wa manoman gero da wake na jihar Tawa wani faifai yana da duhu mai haske, kuma jitarsa tana tambayar kanta. Ban san abin da nake nufi ba. Majo ya gyaɗa kai a gaban makirfo, ya ce shi a ganinsa tambayar ba ta kai ta faifan farko zurfi ba.

Masu sauraro sun amsa. Wani dattijo daga Tajaye ya zo har gidan rediyon ran kasuwa, ya ce sau biyu yana sayen sabon pil, wato batir, saboda mu, don duk Lahadi rediyonsa sai ya kama ƙara kamar ana jan kwano a kan dutse, kuma ya lura da an gama shirinmu yake warkewa. Wata mata ta aiko a tambaya ko mawaƙin rasuwa aka yi masa, in haka ne a isar masa da gaisuwarta. Daraktan ya faɗa mana yana dariya. Mu kuwa muka kalli juna cikin tausayin jama'a. Majo ya ce aikin wayar da kai ba na rana ɗaya ba ne.

Wata safiya kawu yana ɗaure igiyar tamfol, sai ya ce mini ya ji ana cewa ina sa kiɗa a rediyo, in juye masa kaɗan a kaset, don hanyar Agadas da nisa kuma kaset ɗinsa na wa'azi ya tsinke. Na juye masa faifai uku. Na sa wanda nake yabo, na sa na Majo, sannan don mugunta na ƙara da wanda muka yi wa kaca-kaca a Lahadin da ta wuce, wanda mujalla ta ce an yi shi ne don kasuwa. Na ba Majo labari, muka yi dariya muna hango kawu yana jefa kaset ɗin ta taga kafin ya kai Illela.

Bayan kwana goma ya dawo. Ya ci abinci, ya wanke hannu, sannan ya kira ni. Mushe yake ce mini, kamar yadda yaran lakwal suke kiran malami, kuma ban taɓa sanin ko girmamawa ce ko tsiya ba.

Ya ce ya ji su duka, kowanne ya fi sau biyar. Na Majo, a cewarsa, waƙoƙi ukun farko da gaske aka yi su, sauran kuwa dabara ta ƙare musu suka cika wuri kawai, kamar buhun da aka ƙarasa da ƙaiƙayi. Nawa kuma, mai gangar yana gaba da sauran, yana sauri kamar fitsari ya matse shi, mawaƙin kuma kukan ƙarya yake yi.

"Wanga yaro bai taɓa kwana da yunwa ba," in ji shi. "Kana ji ka san da ƙoshi shika kuka."

Na ukun, wanda muka zaga a rediyo, shi ne ya shiga ransa. Ya ce waɗannan makaɗan suna sauraren juna. A waƙa ta huɗu akwai inda mai babbar jita yake yin shiru, a bar ganga ita kaɗai, har ka ɗauka ya tafi, sai ya dawo ta ƙasa-ƙasa. Ya kifa kwanon tuwo ya buga mini wurin da yatsunsa, yana yin muryar jitar da maƙogwaro. Ni ban ma san akwai wurin a faifan ba.

Sai ya ce to ni, a cikin wanda nake yabo, wane wuri ne ya fi kama ni? In yi masa ya ji.

Wata huɗu ina kare wannan faifai kamar ɗan uwana, amma ko layi ɗaya ba zan iya rerawa ba, don duk lokacin da yake juyawa ni ina magana ne a kansa. Na fara ce masa ai faifan yana da wani irin duhu.

"Ba abin da Bature ya rubuta nika tambaya ba, Mushe," ya ce. Ya ɗauki butarsa ya tafi alwala.

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa da Lahadi ta zo sai na shiga rediyo na faɗi duk abin da kawu ya ce, har da buhun ƙaiƙayi da mai gangar da fitsari ya matsa, na ce bayan dogon nazari na sake ra'ayi. Majo ya zuba mini ido, ya zaro mujalla daga jakarsa yana nuna mini shafin da yatsa, ni na kau da kai na sa waƙa ta huɗu.

Abin da ban sani ba shi ne, kawu ya riga ya yi wannan bayani ga direbobi a tashar da suke jiran lodi a bakin kamfanin siminti, kuma a ranar suna zaune su wajen goma da rediyo a tsakiyarsu, da shi a ciki. Washegari ina wucewa zuwa lakwal suka tare ni da ladabi, suka tambaye ni ko dogon nazarin ya gajiyar da ni. Ɗaya ya ce in na ƙare da ra'ayin kawu, shi ma yana da nasa a kan taya, zai ba ni aro. Kawu yana gefe yana duba man inji, bai ɗago ba. Har yau bai taɓa yi mini maganar ba.

Labari ya kai kunnen darakta. Shi abin da ya ji a ciki shi ne direbobi suna sauraron tasharsa, don haka ya aika a roƙi kawu ya zo shirin. Kawu ya ƙi sau biyu, a na uku ya zo da rigarsa ta Juma'a. Ya yi maganar kiɗa minti uku, ya ce ɗaya da kyau, biyu a bar su. Daga nan ya shiga gaida direbobi ɗaya bayan ɗaya, na Malbaza da na Konni da na Tawa, ya faɗa musu inda ramuka suka ƙaru a hanya da inda ruwa ya ci gefen kwalta. Ni da Majo muna zaune da faifai a hannu, ba wanda ya nemi bakinmu. Kafin mako ya zagayo saƙonnin gaisuwa sun cika teburin darakta. Ya kira mu buro, wato ofishinsa, ya yi mana godiya mai yawa, ya ce daga yanzu rabin awar ta direbobi ce.

Majo ya ce ni na kashe shirin, kuma na ci amanar ilimi. Muka yi wata biyar ba ma gaisawa sai da hannu daga nesa. Da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye a yankin Illela, ya aiko in zo mu raba kayan. Ba mu yi gardama a kan faya-fayan ba ko kaɗan. A kan mujallun muka kusa dambe. A ƙarshe ya ce shi Bature ya ba, ya kwashe su duka, ya bar mini akwatin da faifai ashirin da wani abu.

Da babban hutu ya zo na zauna a zaure na bi su ɗaya bayan ɗaya, bakina a rufe. Yawancinsu barci suka sa ni. Biyu sun yi mini daɗi ƙwarai, kuma na kasa tuna abin da mujalla ta ce a kansu. Na so in rubuta wa Majo in tambaye shi, sai na tuna zai ji daɗin tambayar, na fasa.