Kayan Motsa Jiki

Mijina mai gyaran firji ne. Haka aka rubuta a ƙofar shagonsa, kuma duk layinmu Baba Mai Firji suke ce masa. Amma shi a ransa ɗan tseren keke ne, tun kafin ya aure ni. Kullum da sassafe yana kan titi, ya dawo ya jiƙa min kujera da gumi. Bai taɓa cin kofi ba. Maƙwabta ma sun ɗauka likita ne ya sa shi. Abin na ci masa rai ko da bai faɗa ba: ya tsufa a kan sirdi, babu wanda ya taɓa kiransa ɗan tsere sai ni, ni ma sai in zan yi masa gori.

Duk shekara akwai babban tsere a garin da 'yarmu take aure, garin da ba a zuwa sai ta jirgi. Ita take yanko min tikiti don in ga jikokina, shi kuwa gogan sai ya hango jaka kyauta da zai cusa kekensa. Domin kamfanin jirgi, da zarar ka ce keke ne, sai su caje ka kamar ka zo da mutum na biyu. Ya kai keken wurin mai walda, aka raba shi biyu aka sa masa mahaɗi. Ni kuma da yake tela ce, tsautsayi ya sa na ɗinka masa jakunkuna biyu, daidai girman da ake bari a wuce da shi. Wallahi da na sani da na ce allurata ta karye.

Ana jibi tafiya falona ya zama gareji. A sace iskar taya, a kwance feda da sirdi da sarƙa, a zuba notuna cikin safa. Gangar jikin keken a jakarsa, tayoyi a tawa. Da me za a naɗe su? Da kayana mana! Ba ni da rigar fita ko ɗaya da babu tambarin giris a jikinta. Tsarabar jikoki kuwa sai abin da ya shige tsakanin wayoyin taya. Sannan a hau sikelin banɗaki, a sauko, a cire takalmina daga jaka, a sake hawa. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya yi mata magani.

Bayan nan sai darasi.

"In an tambaye ki, me za ki ce?"

"Kayan motsa jiki."

"Kalmar da ba a faɗa fa?"

"Haba Malam, yaye ni aka yi jiya?"

Bana likita ya duba gwiwarsa, ya ce daga wannan tseren an rufe. Ya dawo gida ya hau goge sarƙa. Na so in tausaya masa, sai na ga da mayafina yake gogewa.

A filin jirgi muka bi layi har ƙafata ta kumbura. Ya saka doguwar riga don kada a ga sha-raɓarsa ta 'yan tsere, ya haɗe rai kamar mai zuwa ta'aziyya. A teburin awon kaya muka tarar da wata ma'aikaciya sa'ar 'yarmu, oganta na tsaye a bayanta.

"Baba, mene ne a ciki?"

"Kayan motsa jiki ne, 'yata."

Ta ɗora jakar a sikeli, ta liƙa mata takarda. Shi ke nan, an wuce. Sai kawai ta tsaya tana kallon tabon da ke haɓarsa.

"Baba, don Allah, ba ka taɓa yin tseren keke ba?"

Shi kuwa ya kalli ogan, ya kalli jakar, ya ce, "Ni? Ina! Firji nake gyarawa."

"Ayya, ka yi haƙuri," in ji ta. "Ina ƙarama babana ya kai ni kallon tsere. Wani mai jar riga ya faɗi a kwana, dab da inda muke tsaye. Haɓarsa ta fashe, jini har ƙirji. Kowa na cewa ya zauna, shi kuwa ya miƙe ya hau ya ƙarasa. Saboda shi na matsa wa babana sai da ya saya min keke. Har yau da shi nake zuwa aiki."

Ni na wanke wannan jar rigar, na san jinin. Na dubi mutumina, ya kafe ido a kan sikeli. Zai bar maganar ta wuce, don kada a caje shi. Raina ya ɓaci, ban ma san da wa nake fushi ba.

Na ce, "'Yar nan, shi ne. Keke ne a ciki, rabi a tasa, rabi a tawa."

Yarinyar ta dafe baki. Ta zagayo ta durƙusa ta gaishe shi, mutanen layi suna ta leƙe. Ogan ma ya miƙa masa hannu cikin girmamawa, sannan ya nuna mana tagar biyan kuɗi. Jaka biyu, caji biyu.

Tun daga tagar har ƙofar jirgi mita yake yi. Wai bakina ba shi da birki, na janyo mana asara, shekara da shekaru yana koya min abu ɗaya tak. Ni dai ba ni da ƙarfin faɗa. Muka zauna, na ɗaura bel, na rufe ido. Jirgi ya tashi, mitar mutumina ta tsaya har na ɗauka ya yi barci.

Can sai na ji ya taɓa min hannu.

"Maman yara."

"Mene ne kuma?"

"Kunnena bai ji sosai ba a wurin, akwai hayaniya. Me yarinyar nan ta ce ne? Maimaita min daga farko."