Yadda Malam Ɗalha Ya Buɗe Maɗaba'ar Ƙirya

Shekara ashirin da shida Malam Ɗalha ya yi yana aikin gandun daji a Kamuku. Da ya ajiye aiki ya dawo gidansa a Birnin Gwari, sai ya lura jikokinsa ba sa iya bambanta doka da marke. Abin ya dame shi. Ya sayi littafin rubutu, ya shiga jera sunayen itatuwa, da inda kowanne ke fitowa, da amfaninsa. Ya kai Kaduna aka buga masa, ya riƙa ajiyewa a shagon ƙaninsa mai sayar da iri da maganin feshi.

Cikin shekara shida ya fitar da littafi uku. Abokai suka yi ta ce masa ya buɗe kamfani. Sai ya yi dariya ya ce, "Ni kaɗai nake rubutawa, ni kaɗai nake sayarwa. Kamfanin me?"

Wata Laraba bayan la'asar, Modibbo Abdulkahar, wani dattijon makiyayi daga Tabanni, ya yi masa sallama. Ya kwance ƙunshin takardu daga cikin rawani. Rubutun ajami ne a kan cututtukan shanu da saiwoyin da ake ba su, abin da ya tara tun yana saurayi.

"Malam, an ce kai ka san hanyar buga littafi. Idona ya fara rauni. Ina so a buga wannan tun ina gani."

"Modibbo, ni nawa kawai nake bugawa."

"To, nawa ɗin wa zai tsaya masa in ba na nan?"

Da Ɗalha ya shiga gida ya ba matarsa Karima labari, ta ce, "Naka kana iya yi yadda ka ga dama. Na wani kuwa amana ce, sai da suna da takarda."

Sati biyu bayan haka ya yi rajista da sunan Maɗaba'ar Ƙirya, ya nemo lambar da ake sa wa littattafai. Suka rubuta yarjejeniya da Modibbo a gaban 'ya'yansa biyu, cewa littafin na Modibbo ne, kuma na magadansa. Wata huɗu suna zama a zaure, Modibbo na karantawa, Ɗalha na juyawa zuwa boko. Sun sha musu a kan sunayen ciyayi, don wasu da Fulatanci kawai Modibbo ya san su.

Ranar da littafin ya iso, Modibbo ya daɗe yana shafa bangonsa, sannan ya tambaya ko za a iya ƙara girman baƙaƙen a bugu na gaba.

Yanzu maɗaba'ar tana da marubuta biyar, ofishinta kuwa teburi ɗaya ne a zauren. A bana suna gyaran littafin Malama Lailatu, wata ungozoma daga Kuyello, wadda ke zuwa duk ranar kasuwa a kan babur don ta duba ko an taɓa mata kalma.