Inna Rahamatu Mai Jere da Gonata ta Dingaya

Duk wanda ya saba bin layin bayan tashar Birnin Kudu da sassafe ya san ta. Rana ba ta gama fitowa sai ka hango wata gajeriyar dattijuwa, ta ci ɗamara a kan hijabi, tana buɗe wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofa. Ta share bakin shagon, ta yayyafa ruwa, ta fito da bokitan fenti ta jera, sannan ta zauna ta bi burusanta ɗaya bayan ɗaya tana matsawa da yatsa. In ta tarar da wanda aka ajiye jiya ba a wanke ba, to ranar duk layin sai ya ji muryarta. Kafin ƙarfe takwas ɗan acaɓa ya ɗauke ta, da ita da bokiti da ɗan tsaninta, an nufi gidan da ake aiki. Wannan ita ce Inna Rahamatu, wadda daga Birnin Kudu har Gwaram ake kira Mai Jere, saboda ɗakunan amaren da ta shirya ba sa ƙirguwa. Shekara ashirin da bakwai tana wannan fita. Watan jiya ta miƙa makullin shagon ga Safiyatu, matar da ta fi daɗewa tana aiki a ƙarƙashinta, domin gwiwa ta ƙi hawan tsani, warin fenti kuma ya fara kama mata ƙirji.

Sunana Jummai, malamar firamare ce ni a Gwaram, kuma waɗanda suka san ni sun san yabo ba ya saurin fita daga bakina. Amma shekara huɗu ke nan matar nan ta yi mini abin da har yau ban buɗe baki na gode mata ba, sai ma gaba da na yi da ita. Ba domin ita ba, da gonar da mahaifina ya bar mini a Dingaya tana hannun wani. Zan zo kan wannan, amma bari ku fara sanin ko wace ce.

'Yar Fagam ce. Tun tana budurwa ta koyi daɓe wurin iyayenta mata, da madaɓi da ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, ana waƙa ana dukan ƙasa har tsakar ɗaki ta yi sumul. Aure ya kawo ta Birnin Kudu, ta tarar da ɗakin da damina ta cinye gindin bangonsa, miji kuma ba shi da na kiran magini. Wata matar da zama za ta yi tana mita har mijin ya fara kwana a zaure. Ita kuwa ta kwaɓa ƙasa ta yi yaɓe, ta shafe da farar ƙasa, ta yanka tsohon zaninta ta yi labule. Maƙwabta suka leƙo, suka ce su ma a yi musu. Wannan ta ba ta sabulu, waccan ta ba ta kwanon gero. Da ta ga mutane sun koma siminti da fenti, ba ta ce ita 'yar gargajiya ba ce. Ta tsaya a kan masu fenti a gidan wani maƙwabcinta, tana tambaya tana ƙara tambaya, har suka gaji suka miƙa mata burushi.

Abin da ya ɗaga sana'arta kuwa, gidajenmu ne na ba-shiga. Mai fenti namiji in za a shigar da shi cikin gida, sai mata sun tattaru a ɗaki ɗaya yini guda, maigida ya bar kasuwarsa ya zauna gadi. Ita sallama kawai take yi. Kuma ba ta fita daga gida sai ta bar wa matar gidan wani abu a hannu: yadda ake toshe tsagar bango kafin ruwan farko, yadda ake gyara indararo kada ya riƙa zuba a gindin katanga, yadda ake dama fenti kada ya tsinke. Safiyatu ta faɗa mini wata rana abin ya ishe ta, ta ce, “Inna, kina ta koya musu, gobe wa zai kira mu?” Inna Rahamatu tana saman tsani ta ce, “Wadda ta toshe tsaga da hannunta ita ce za ta san wahalar aikin, ran bikin 'yarta ba za ta kira kowa ba sai mu. Ke dai riƙe mini tsanin nan.” Haka kuwa aka yi. Ita kanta Safiyatun da marayu uku ta zo wurinta, ba ta iya riƙon burushi ba, yau mata biyar ne ke bin ta gidajen aiki.

Tana da wata ɗabi'a da masu shagon kaya ba sa so. In aka kira ta, kafin a yi maganar kasuwa sai ta ce a buɗe mata ɗakin shirgi ta ga abin da aka jefar. Malam Gwadabe kafinta, wanda ya shekara goma sha biyar yana yi mata aikin katako, ya ce da ni, “Malama, matar nan ta sha hana ni cinikin sabon gado ina ji ina gani. Amma wallahi ban taɓa kwana ba aiki a hannunta ba, kuma ban taɓa jin an dawo mata da kaya ba.”

Inna Rahamatu, ke ce uwar amaren talakawa. Ke ce kike shiga ɗakin da mai shi take jin kunyar ɗaga labulensa, ki fito kin bar ta tana kiran maƙwabta su zo su gani.

To ga tawa. Nasiha, 'yata ta fari, ta samu miji, malamin sakandare a Birnin Kudu, amma danginsa duk mutanen Kano ne. Mahaifinta ya rasu, ga ƙannenta huɗu a gabana, kuma gonar Dingaya ce ke cika mana rumbu kowace kaka. Kowa ya san kayan ɗaki a kan iyayen amarya yake. Sai aka ba ni labarin gwaggon ango, Hajiya Ummussalma, cewa in ta zo ganin ɗaki har katifa take ɗagawa, ta ƙwanƙwasa katako ta saurara. Na ce ni da rai da lafiya ba za a yi wa marainiyata dariya ba. Na aika wa Alhaji Maikano, wani ɗan kasuwar hatsi da ya daɗe yana zawarcin gonar, muka tsayar da magana a kan bayan Juma'a za a kira shaidu.

Wurin Inna Rahamatu fenti da jere kawai suka kai ni. Har da ɗaga kai nake gaya mata kayan daga Kano za a lodo su, komai dal.

Ta ce, “Ma sha Allah. Da albashin firamare, Malama?”

Na ce, “Wannan kuma ba ruwanki, Inna.”

Ta zuba mini ido har bakina ya suɓuce na faɗi maganar gonar. Ta ajiye burushin da ke hannunta. Washegari kafin in dawo daga makaranta tana gidana a Gwaram, ta sa an buɗe mata ɗakin shirgi. Na tarar da ita tsugune a gaban gadon marigayiya mahaifiyata, wanda kaji suka mayar wurin ƙwai, ga tsohon sif ƙofa ɗaya a ɓalle, ga kujeru uku soso duk ya zazzago. Ta kankare jikin gadon da wuƙa, jan katako ya bayyana.

Ta ce, “Icen maɗaci ne. Ƙwaro ko ɗaya bai taɓa shi ba. Ki ba ni sati uku. In kin ga ɗakin bai yi miki ba, gonar ba gudu za ta yi ba, sai ki sayar. Amma ki saurare ni da kyau. Zan gyara, ba zan yi ƙarya ba. Duk wanda ya tambaye ni zan ce masa tsoho ne.”

Na ce na ji, na aika aka ɗage zaman shaidu. A raina kuwa na ce wa zai tsaya tambayar mai fenti?

Sati ukun nan na ga aiki. Malam Gwadabe ya kwance gadon ya sake haɗawa, su Safiyatu suka goge shi har ya yi santsi, aka shafa masa mai ya fito jawur yana sheƙi. Aka sa wa sif ƙofa da madubi, kujeru suka samu sabon soso da yadi, ita da kanta ta zauna kan keke ta ɗinka labulen da ya dace da su. Ɗakin ango kuwa ta ƙi taɓa shi da fenti sai da aka fasa inda bango ke tsattsafo aka sake shafe shi ya bushe. Katifa da leda da kwanuka ne kawai sababbi, kuma gudummawar dangi da ɗan abin hannuna suka ɗauke su. Ranar da aka gama jere na shiga na tsaya a tsakar ɗakin, sai ga hawaye. Na aika wa Alhaji Maikano cewa na fasa.

Ranar ganin ɗaki, mota biyu ta zo daga Kano. Mata suka cika ɗakin, ana guɗa ana sa albarka, ni kuwa baki har kunne. Hajiya Ummussalma ta shigo, ta ɗaga katifa kamar yadda aka faɗa, ta ƙwanƙwasa kan gadon, ta sake ƙwanƙwasawa. Sannan ta waiga, ta tsallake ni, ta dubi Inna Rahamatu da ke gyara bakin labule.

“Baiwar Allah, ke kika yi jeren? Wannan gadon a wane shago aka saye shi? Ban ga irinsa ba.”

Na ƙifta mata ido, na yi gyaran murya, har ƙafa na taka mata. Ta yi biris da ni.

Ta ce, “Hajiya, ba na shago ba ne. Gadon kakar amarya ne, mu muka gyara shi. Da sif ɗin da kujerun duka.”

Hajiya ta taɓe baki, ta ce, “Allah Sarki. Amarya da gadon kaka. To, Allah Ya ba da zaman lafiya.” Wata daga bayanta ta ƙyalƙyale da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kada wani ya zaci daga baya Hajiyar ta dawo tana yabo. Ba ta dawo ba. Maganar kuma ta zaga, har a makarantarmu sai da wata ta tambaye ni ko gaskiya ne kayan gwanjo na kai wa Nasiha. Wata uku ban gaishe da Inna Rahamatu ba. In na shiga Birnin Kudu, sai in sa ɗan acaɓa ya zagaye layinta. Baƙin ciki ya kai ni har na sake aika wa Alhaji Maikano, na ce ya shirya shaidunsa, zan sayar in sauya kayan ɗakin kaf in rufe bakin kowa.

Nasiha ce ta kai wa Inna Rahamatu labari. Ana gobe za a zauna, da la'asar, sai ga sallamarta a ƙofar gidana, fenti duk a farcenta. Na sha kunu, ko tabarma ban shimfiɗa mata ba. Ta jawo turmi ta zauna.

Ta ce, “Malama, ki ci gaba da fushi da ni, ban hana ki ba. Amma Hajiyar nan tun ranar ta koma Kano, kina jin ta ƙara tunawa da ke? 'Yarki tana ɗakinta lafiya, mijinta bai ce uffan ba, ita ce ma ta zo mini tana kuka kada a sayar da gona saboda ita. Ga yara huɗu nan, tuwo za su ci bana, za su ci baɗi. In kin sayar, kujera za ki tuƙa musu?”

Na ce, “Da kin yi shiru ranar, da duk ba a kai nan ba.”

Ta ce, “Da na yi shiru, da Nasiha za ta zauna tana tsoron ranar da za a gane. Yanzu ba ta da abin ɓoyo a gidan mijinta. Kunyar da kike ji ta riga ta same ki, ta wuce. Saura kada ki haɗa da gona.”

Ta tashi ta kakkaɓe zaninta ta tafi, ko ruwa ban ba ta ba. Washegari shaidu suka taru, ni kuwa na kasa fita. Na aika aka ba Alhaji Maikano haƙuri karo na biyu, ya ce in na ƙara aiko masa ba zai saurari ɗan aiken ba. Ban ƙara ba.

Bayan nan ne aka shiga tsadar abincin da kowa ya ji a jikinsa. Na ga ma'aikata irina suna auno gero da rabin kwano. Ni kuwa in buɗe rumbu in ɗebo. Duk ranar da na ɗora tukunya a shekarar nan sai na tuna da matar da na bari a kan turmi, amma girman kai ya hana ni taka layinta in faɗi abin da ke raina.

'Yan'uwana iyayen amare, ku dube ni ku ɗauki darasi, kada a rabu da abin da ke ciyar da gida saboda kallon yini ɗaya. Masu sana'a kuma, maza da mata, ku yi koyi da ita: ku koyar da abin da kuka iya, ku faɗa wa mai aiki gaskiya ko da zai daina gaishe ku. Sana'ar Inna Rahamatu ba ta mutu saboda haka ba, sai ma girma da ta yi.

Inna, na san za a karanta miki wannan, kuma na san za ki ce Malama ta cika surutu. Ki bar ni in yi. Allah Ya ba gwiwarki sauƙi, Ya wanke miki ƙirji, Ya sa wa Safiyatu albarka a shagon. Na yi fushi da ke saboda kin ƙi yi mini ƙarya, na hana ki tabarma a gidana ranar da kika zo ceton 'ya'yana. Ki yafe mini. Bana ma mun yi shuka a Dingaya, gero ya yi kyau, marayuna suna ci daga gonar kakansu. Na gode, Inna Rahamatu. Na makara, amma na gode.