Gadin da Ɗana Yake Yi

Ban kawo ɗana Masar don ya zama mai gadi ba. Haka na faɗa masa ranar da ya kawo mini takardar, ban kuma rage murya don maƙwabtanmu 'yan Sudan na ji ta bango ba.

A 2014 ne, shekararmu ta uku a unguwar Hayyin Ashir. Ni ina tuƙa tuwo ina sayar wa ɗalibai 'yan gida, shi yana jami'a a Giza. Ɗan fari ne, kuma Allah ya yi shi ƙato. Tun yana goye mata ke tambayata ko tagwaye na haɗa a zane ɗaya. Wani kocin wasa ya hango shi a bakin tashar jirgin ƙasa ta metro, ya bi shi har ƙofar aji yana roƙo, ya sa shi a ƙwallon Amurkawa, wadda ake sa hular kwano da kafaɗun roba, ƙwallon kuwa kamar gwanda. Ban hana ba. Na ce ƙila ya rage tumbi.

Bayan shekara biyu sai wata ƙungiya a Jamus ta aiko masa da takarda, wai ya je su riƙa biyansa albashi. Ni sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka duk takardar da ta shigo gidana sai na bi ta da yatsa, ko da Turanci ce. Na bi, na bi, na tsaya a kan wata kalma kusa da sunansa.

"Wannan fa?"

"Wurin da nake tsayawa ne, Umma. Gad."

"Gadi?"

"To, kusan haka. Mai jefa ƙwallo nake tsarewa."

"Kai ƙwallo nawa ka ci?"

"Ni ba na ci."

"Sau nawa ka jefa?"

"Umma, ni doka ma ba ta yarda a jefo mini ba."

Innalillahi! Shekara biyu ina wanke rigunan da zufa ta dafe, ashe ko taɓa gwandar ba ya yi. Na ɗauko fasfonsa na sa a lalita, na ɗaure a ƙugu. Ranar Lahadi da safe aka ba shi ya je neman biza a ofishin jakadancin Jamus, in ranar ta wuce ƙungiyar za ta ɗauki wani. Na ce su ɗauka, khalas, magana ta ƙare.

Ranar Asabar suna da wasa da la'asar. Na rufe tukwane na bi shi, ba don kallo ba, don in ga kocin nan ido da ido. Aka ce sai an tashi. Na zauna kusa da wata Bamisiriya 'yar siririya, carbi a hannu, tana ta rawar ƙafa. A bayanmu akwai ɗalibai 'yan Nijar masu cin tuwona.

Da aka fara na miƙe. "Ku ba shi ƙwallo! Ku ba shi mana, marowata!"

Matar ta ja mayafina. Da Larabcina na kasuwa na gane tana tambaya wanne ne nawa. Ɗan fari ba a nuna shi da yatsa, balle a kama suna, sai na turo baki wajen mai lamba sittin da huɗu. Kafin in ankara ta rungume ni ta sumbaci goshina.

"Ke ce uwar Bango?"

Wai haka suke kiransa. Ta nuna mini nata, mai jefa ƙwallon, wani kamar sillen kara. Ta ce kafin nawa ya zo sau biyu ana kwashe shi a fili zuwa asibiti. Tun da nawa ya tsaya a gabansa, rigarsa ko ƙura ba ta ɗauka.

"Bar kallon ƙwallo, ya hagga," ta ce, wato Hajiya. "Kalli ɗanki."

Na kalla. Ya durƙusa, hannu ɗaya a ƙasa, shiru. Aka yi ihu, sai ji kake ƙau, kamar raguna sun haɗa kai. Wani ƙato ya taho da gudu zai ci siririn, ya tarar da nawa. Ya bi dama, nawa na nan. Ya bi hagu, nawa ya riga shi. Ƙafafun nan fa! Yaron da ke jan silifa a gida kamar an ɗaura masa turmi, ga shi yana taku ƙanana ƙanana kamar mai rawar kalangu. A baya siririn ya tsaya hankali kwance, ya zaɓi wanda yake so, ya jefa.

Can aka sake durƙusawa. Wannan karon nawa ya tura mutum ɗaya gefe, ya ɗauki na biyu ya shimfiɗa shi a ƙasa kamar tabarma. Hanya ta buɗe, wani gajere ya bi ta da ƙwallon har ƙarshen fili. Kowa gajeren yake wa tafi. Ni na san wanda ya buɗe ƙofar.

Ban san lokacin da na hau kan benci ba. Na rangaɗa guɗa, na ƙwala sunansa. Sunan yanka, cikakke, wanda shekara ashirin da huɗu bai fito daga bakina ba. Na ga hular kwano ta juyo.

'Yan Nijar suka fashe da dariya. "Hajiya, yau alkunya ta faɗi!"

"Ku tsince ta ku kai wa iyayenku!" Na sake kiran sunan, har sau uku, don daɗi.

Da aka tashi ya zo yana haki. "Umma, kin kira sunana."

"Ƙarya kake, wani na kira."

"Mu nawa ne masu sunan a Giza?"

Kocin ma na manta da shi. Bamisiriyar ce ta riƙe hannuna, don tun muna zaune na ba ta labarin Jamus da na fasfo. Ta ce don Allah in ƙara ɗaure lalitar, kar in sake shi. In ya tafi, wa zai tsare mata ɗa?

Na dube ta sama da ƙasa. Wato ita da Jamusawa duk sun san darajar abin da na haifa, ni kaɗai nake ihu a ba shi gwanda.

"Ma'alish, sai haƙuri," na ce mata. "Ki ƙara wa naki abinci."

A motar dawowa dariya ta riƙa kama ni ba dalili, har direba yana leƙe ta madubi.

Washegari da na idar da sallar asuba na kwance lalita. Fasfon ya ɗauki warin daddawa, na goge shi da gefen zane. Na buga masa ƙofa na ce ya tashi ya sa farar riga, yalla, tare za mu je, ni zan riƙe masa layi.