Layinsa Daban, Nawa Daban: Tunawa da Malam Idi

Damina goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana, Malam Idi. Ba wani babban mutum ba ne, manomin gero da gyaɗa ne a ƙauyenmu, can gefen Kunci. Gardamar da ake yi a rediyo kan gyaran zaɓen shugaban ƙasa ce ta sa na ɗauki biro, da ɗan rubutuna na yaƙi da jahilci.

Mu mun ga zaɓen ƙato bayan ƙato. Babu akwati, babu ɓoyo. A kafa hotunan 'yan takara a filin makaranta, kowa ya bi layin wanda yake so, a ƙirga mutane ido na ganin ido. A ranar, Malam ya tsaya a layi ɗaya, ni kuwa, da goyona a baya, na bi ɗayan. Duk gari ana kallo.

Wani abokin wasansa ya ce, "Malam, ashe ko a gidanka ba ka da jama'a?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ita na aura, ba ƙuri'arta ba."

Da rana ta yi zafi, buzun sallarsa ya aiko mini a ɗayan layin, in zauna in shayar da Habu.

Yau Habun nan ya zama magidanci. Shi ya ce a koma ƙirga a fili. Ƙanensa Sani ya ce na'ura kaɗai ce za ta hana maguɗi. Tun zaɓen da ya wuce suka raba kwano. Gona ɗaya suke nomawa, amma kowa daga nasa gefen yake faro kunya, ba gaisuwa.

Da Malam na raye, ban san wanne zai goya wa baya ba. Ina jin zai kara rediyonsa a kunne, ya ce a gyara, ai ko rumbu sai ana yi masa sabon yaɓe. Amma raba kwanon nan ba zai lamunta ba.

Buzun yana nan, gashinsa duk ya zube. Ran Juma'a na shimfiɗa shi a zaure, na ɗora tuwo a kwano guda, na kira su biyun, na ba su labarinsa. Sai Habu ya tura wa ƙanensa ruwan wanke hannu.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya kai haske kabarinsa.