Fatar kifi a hannun Inna

Dakoro

Da asuba muka hau mota, ni da Inna, uwar mijina. Man shanu mai tafasa ne ya zube mata a hannun dama. Maƙwabta suka liƙa mata gashin zomo, ciwon ya ƙi ƙamewa. Likitan garinmu ya ce in ba mu je Maradi ba yatsun za su ƙanƙance. Ita kuwa da saƙar tabarma take ci.

Hanya

Mota cike maƙil, har da akuya a ƙarƙashin kujerata. Jandarman da ya tsayar da mu ya ga hannun, ya ce wa direba, "Wuce, amma bi rami a hankali." Direban bai ji ba, Allah ya shirye shi.

Maradi

Wata likita, yarinya ƙarama, ta zauna tana tsince gashin zomon ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa, ba tsaki. Ta buɗe leda ta fito da fatar karfasa wadda aka wanke da magani, ba irin ta kasuwa ba. Ita za ta shimfiɗa a kan ƙunar. Inna 'yar Tagriss ce, danginta ba su cin kifi, ko kwanon da ya taɓa shi ba su so.

"'Yata, mayar da abinki," in ji Inna. "Gara in koma da ciwona."

Da ni ce, da na yi ta magiya. Likitar kuwa ta miƙa mata kawai. "Inna, shinshina. In kin ji ƙarni, na bari."

Ta shinshina har sau biyu, ta kau da kai, ta miƙo hannu. Fatar ta kwanta lif, ba a ɓanɓare ta kowace safiya kamar bandeji. Ran nan Inna ta yi barci har da minshari a gidan ƙanwata. Wallahi yarinyar nan ta shiga raina.

Gida

Da fatar ta bushe aka ɗaye ta, ga sabuwar tsoka ja a ƙasa. Muka iso Dakoro da la'asar, mun gode Allah, mun gode wa likita. Tun ba ta cire mayafi ba Inna ta jawo kaba, ta lanƙwasa yatsu, suka bi. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce mini, "In mutanen Tagriss suka tambaya, ki gaya musu gaskiya. Amma ki ce ban ci ba."